Cinikin Biri a Sama: Bayani a kan Sayen Akwatin Kamun Tashoshin Talabijin

Godiya ta tabbata ga Allah, Mahaliccin iska da abin da ta ke ɗauke da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa amintacce, wanda ya yi fatauci tun yana saurayi, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan bayani ne a kan wani ɗan ƙaramin akwati da a ke saye a ƙasar Amurka, wanda kuma ya kan biyo kayan gwanjo ya iso kasuwannin Ikko da Kano. Labarinsa ya ƙunshi wata mas'ala wadda malamai suka daɗe suna karantarwa a babin ciniki, fatake kuma suna gamuwa da ita a kasuwa, watau sayen abin da amfaninsa ya ke hannun wani mutum dabam, wanda ba ya nan sa'ad da aka ƙulla cinikin.

Dattawa za su tuna cewa an buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan ran 31 ga watan Oktoba 1959, na Kaduna kuma ya biyo baya a 1962. A wancan zamani wanda ya sayi akwatin talabijin, ya kafa eriya bisa soro, to, duk abin da ke cikin iska nasa ne, ba mai tsayawa tsakaninsa da tasha. Yanzu kuwa an sami masu tsayawa da yawa. Wanda ya san su kafin ya miƙa kuɗinsa ya yi ciniki, wanda bai san su ba kuwa ya yi abin da Hausawa ke ce wa cinikin biri a sama.

Fasali na farko: Siffar akwatin da aikinsa

Akwatin nan bai wuce girman ƙaramin littafi ba. Ba shi da gilashin kallo, ba shi da lasifika. Kafofi uku gare shi a baya: ɗaya ta wayar eriya, ɗaya ta wayar sadarwa wadda a ke kaiwa ga rauta, watau na'urar da ke rarraba intanet cikin gida, ɗaya kuma ta wutar lantarki. Wasu suna da ta huɗu, inda a ke maƙala ma'ajiya domin naɗar shirye-shirye. Wanda ya fi shahara cikin irinsa shi ne HDHomeRun, na kamfanin SiliconDust. Akwai kuma Tablo, wanda wani kamfani na birnin Ottawa a Kanada ya ƙago, kamfanin Scripps na Amurka ya saye shi a 2022.

Aikinsa shi ne ya karɓi abin da eriya ta kamo, ya zuba shi cikin hanyar sadarwar gida. Daga nan duk na'urar da ke haɗe da rautar tana iya kallo: wayar hannu, da kwamfuta, da talabijin irin ta zamani mai ɗaukar manhaja. Maigida na ɗakinsa yana kallon labarai, uwargida na nata ɗakin tana kallon wata tasha, alhali eriyar ɗaya ce, ba a kuwa huda bango an ja wayar eriya zuwa ko wane ɗaki ba. Ana ajiye akwatin a inda eriya ta fi kamawa, ko da can sama ne kusa da rufi, inda ba mai zama. Mai karatu ya lura cewa hoton daga iska ya ke zuwa. Hanyar sadarwar gida tamkar jakin da ke raba kaya cikin unguwa ce bayan ayari ya sauka, don haka kallon cikin gida ba ya cin awon intanet da mutum ya saya, sai ɗan abin da manhaja ke bukata wajen ɗauko jadawalin shirye-shirye.

A cikin akwatin akwai abin da masu sana'ar ke kira tiyuna, za a kira shi kunne a wannan bayani. Ko wane kunne tasha ɗaya ya ke saurara a lokaci guda. Akwati mai kunne biyu yana isar masu kallo biyu a tashoshi biyu, ko mai kallo ɗaya da naɗi ɗaya. In na uku ya zo yana son wata tasha, sai a ce masa kunnuwa sun cika. Saboda haka gida mai iyali da yawa mai kunne huɗu ya kamace shi, kuma wannan shi ne abu na farko da a ke ƙidayawa kafin a tambayi kuɗi.

Fasali na biyu: Tashoshin iska

A Amurka manyan gidajen talabijin, irin su ABC da CBS da NBC da Fox da PBS, suna watsa shirye-shiryensu ta iska kyauta a ko wane babban gari. Hukumar da ke kula da sadarwa a can, FCC, ta zaɓi wani tsari na dijital mai suna ATSC a 1996. Ran 12 ga watan Yuni 2009 manyan tashoshi suka kashe tsohuwar hanyar analog, gwamnati kuma ta raba wa mutane takardun rangwame na dala 40, har guda biyu ga ko wane gida, don su sayi akwatin da zai sa tsofaffin talabijin su ci gaba da aiki. Ƙananan tashoshi aka yi musu jinkiri har ran 13 ga watan Yuli 2021.

Tsakanin hanyoyin biyu akwai bambancin da ya shafi mai saye. A tsohuwar hanya, in tasha ta yi nisa, hoto ya kan zo da yayyafi, amma dai ana gane fuskar mai magana. A sabuwar hanya hoton ya kan zo tas, ko kuwa ya daddatse ya tsaya cik, tsakaninsu kuma ɗan taƙi ne. Akwatin ba ya iya ƙago abin da eriya ba ta kamo ba. Wanda gidansa ke bayan dutse, ko cikin kwari, ko a ƙarƙashin dogayen benaye, tilas ya fara gyara sha'anin eriya tukuna. Hukumar FCC tana da taswira inda mutum ke rubuta adireshinsa ya ga tashoshin da a ke tsammanin za su iso shi da ƙarfinsu. Akwai kuma ƙa'idar da ta hana masu gidajen haya da ƙungiyoyin unguwa su hana mutum kafa eriya a wurin da ya keɓanta da shi, kamar barandar ɗakinsa.

Har wa yau, lambar da a ke kiran tasha da ita ba lalle ba ne ta zama ainihin zangon da ta ke watsawa a kai. Tasha na iya amsa sunan lamba 4 alhali tana can cikin zangon UHF, wata kuma tana amsa babbar lamba alhali tana cikin VHF, wanda ke bukatar eriya mai dogayen ƙarafa. Bayan gwanjon zanguna da aka ƙare a 2017, aka ba kamfanonin wayar hannu zangunan da ke sama, tashoshi da yawa suka ƙaura, aka gama ƙaurar a 2020, talabijin ta tsaya daga lamba 2 zuwa 36. Wanda tasharsa ta ɓace a lokacin bai bukaci sabon akwati ba, sai dai ya umarci na hannunsa ya sake laluben tashoshi. Wannan fasalin shi ne mai sauƙi, gama tashoshin tsarin ATSC na farko a buɗe su ke, ba kulle a kansu.

Fasali na uku: Tashoshin kebul da kullensu

Kebul a Amurka waya ce ta gaskiya, wadda kamfani ke jawowa daga bakin titi har cikin gida, ana biyansa kuɗin wata. Hanyar da a ke zuba tashoshi cikin wayar sunanta QAM, ta kuma bambanta da ta iska. Akwatunan HDHomeRun na farko suna jin harsunan biyu, don haka aka riƙa tallarsu da cewa suna kama na iska da na kebul. Maganar gaskiya ce a lokacin, domin ƙa'ida ta hana kamfanonin kebul su kulle tashoshin matakin farko, watau na gari da na gwamnati. Mutum ya cusa wayar kamfani a akwatinsa, tashoshin nan su fito ba tare da dikodar kamfani ba.

A watan Oktoba 2012 hukumar FCC ta sake shawara, ta yarda kamfanonin da suka koma dijital ɗungum su kulle har da matakin farko. Hujjarsu ita ce za a rage satar layi, za a kuma iya haɗa mutum ko a yanke shi daga ofis ba sai an aika ma'aikaci ba. Manyan kamfanoni suka kulle. Mutumin da ya sayi akwati domin wannan amfani ya wayi gari akwatinsa lafiya lau, fitilarsa na ci, wayarsa na haɗe, amma ba ya nuna kome. Wanda ya sayar masa bai yi ƙarya ba, wanda ya ƙera bai yi algus ba. Mai mabuɗi ne ya juya mabuɗinsa.

Akwai wata ƙofa da doka ta bari. Dokar sadarwa ta 1996 ta nemi a ba mutane damar sayen na'urarsu a kasuwa maimakon hayar dikodar kamfani. Daga nan aka fito da wani kati mai suna CableCARD, wanda kamfanin kebul ke ba mai biyan kuɗin wata, ya zura shi cikin na'urarsa, katin ya buɗe tashoshin da ya biya. A 2011 SiliconDust ya fitar da HDHomeRun Prime, mai kunne uku da ramin wannan kati. Amma ko da katin, kamfani na iya sa wa tasha alama: wannan a naɗa yadda a ke so, wannan sau ɗaya kawai, wannan ba a naɗa sam. Tashoshin da aka tsananta wa alama, manhajar kwamfuta da aka amince ta naɗe su ita ce Windows Media Center, kamfanin Microsoft kuwa ya bar ta sa'ad da ya fitar da Windows 10 a 2015. Sa'an nan a watan Satumba 2020 hukumar FCC ta janye ƙa'idodin da suka ɗora wa kamfanoni hidimar masu katin. Tun daga nan wasu manyan kamfanoni suka daina ba da sababbin katuna.

Wannan shi ya sa a ke samun irin wannan akwati da araha a hannun masu sayar da tsofaffin kaya. Araha ba ta ado. Wanda ya gan shi, kafin ya taya, ya fara tambayar kamfanin kebul na unguwarsa ko yana ba da katin har yanzu, ko kuma zai kunna shi. In an ce a'a, to, ko kyauta aka ba shi akwatin ya ɗauki kaya ne kawai.

Fasali na huɗu: Kulle ya iso iska

Mutane da yawa da suka gaji da kuɗin wata suka yanke kebul suka koma eriya, suna ganin iska dai ba mai kulle ta. A watan Nuwamba 2017 hukumar FCC ta yarda tashoshi su fara watsawa da sabon tsari mai suna ATSC 3.0, wanda a ke talla da sunan NextGen TV. Ƙasar Koriya ta Kudu ta riga ta fara amfani da shi a wannan shekarar. Sabon tsarin ya fi jure nisa da cikas, yana kuma iya ɗaukar hoto mai tsananin kyau. Amma kunnen tsohon tsari ba ya jin sa ko kaɗan. Saboda haka aka shardanta wa tashar da ta koma sabon tsari ta ci gaba da watsa shirinta a tsohon, don kada a bar masu tsofaffin akwatuna cikin duhu.

SiliconDust ya fitar da akwati mai suna Flex 4K, mai kunne huɗu, biyu daga cikinsu suna jin sabon tsarin. Mutane suka saya suna cewa sun yi tanadin gobe. Sai ga shi sabon tsarin yana da wurin sa kulle, manyan gidajen talabijin kuma sun kafa wata ƙungiya mai suna A3SA wadda ke riƙe da mabuɗai, ita ke tantance na'urar da za a ba. Daga 2023 tashoshi da yawa suka kulle watsawarsu ta sabon tsari. Talabijin da aka tantance tana buɗewa. Akwatin da ke rarraba hoto zuwa na'urori iri iri cikin gida kuwa, sai ya kama tashar, ya nuna sunanta, ya kasa nuna hotonta. Har cikin 2025 kamfanin da masu tashoshin suna kai wa hukumar FCC takardu, ko wane ɓangare yana ɗora wa ɗaya laifi. Masu tashoshi sun ce suna tsare dukiyarsu ne daga masu sata su watsa a intanet. Masu akwatuna kuma sun ce iskar ta jama'a ce, aron ta aka ba tashoshi da sharaɗin su yi wa jama'a hidima.

A farkon 2025 ƙungiyar masu gidajen rediyo da talabijin ta Amurka, NAB, ta roƙi hukuma ta sa ranar kashe tsohon tsari: 2028 a manyan garuruwa 55, 2030 a sauran. Roƙo ne suka yi, amma ya isa ya nuna wa mai saye inda aka dosa. Wanda ya sayi akwatin tsohon tsari ya sayi abin da ke aiki, sai dai kwanakinsa na hannun hukuma. Wanda ya ƙara kuɗi ya sayi na sabon tsari ya sayi abin da rabin amfaninsa ke jiran izinin wasu. Akwai kuma wata ƙaramar matsala: muryar sabon tsarin da wata hanya a ke ɗaure ta, mai suna AC-4, wadda na'urori da yawa ba su iya kwancewa, har mutum ya ga baki na motsi ba ya jin magana.

Fasali na biyar: Abin da gida zai ɗauka

Kuɗin akwati ba shi ne ƙarshen kashewa ba. Ko wane zango na tsarin ATSC na farko faɗinsa megahaz 6 ne, yana ɗauke da megabit 19.39 a ko wace daƙiƙa, wanda tasha ke rabawa tsakanin babban shirinta da ƙananan rassanta. Akwatin HDHomeRun galibi ba ya matse hoton, yadda ya karɓa haka ya ke miƙawa, kuma shi kansa sai an haɗa shi da rauta ta waya. In rautar gidan tsohuwa ce, ko bangon gidan mai kauri ne, mai kallo da wayar hannu a ɗaki mai nisa zai ga hoto na tsayawa, ya zargi akwati, alhali laifin na hanya ne. Tablo kuwa yana iya haɗuwa da rauta ba waya, wannan kuma sauƙi ne ga wanda eriyarsa ke nesa da rautarsa.

Wanda ke son naɗar shiri ya kalla daga baya, misali don kada kallo ya ci masa lokacin salla ko na karatu, yana bukatar ma'ajiya. Lissafin a fili ya ke: in tasha ta cika zangonta, sa'a ɗaya tana cin gigabayit 8.7, watau ma'ajiya mai terabayit ɗaya za ta ɗauki wajen sa'a 115, ko fiye in tashar ba ta cika zangon ba. Sa'an nan akwai manhajar da ke kula da jadawali da naɗi. Ta SiliconDust ana biyan kuɗin shekara domin naɗi, Plex da Channels su ma ana biya. Jellyfin da MythTV kyauta ne, amma suna son mai haƙuri da ya san kwamfuta. Mai hankali ya kan tara waɗannan duka, da kuɗin eriya da na mai hawa ya kafa ta, sa'an nan ya gwada da kuɗin watan da ya ke gudu.

Fasali na shida: In akwatin ya ƙetare teku

Nan ne maganar ta iso ga fatake. Duniya ba ta taru a kan tsari ɗaya ba, manyan tsare-tsare huɗu ne. ATSC na Amurka ne da Kanada da Meziko da Koriya ta Kudu. DVB-T da ƙanensa DVB-T2 na Turai ne da mafi yawan Afirka da ƙasashen Larabawa. ISDB-T na Japan ne da Brazil da mafi yawan Kudancin Amurka. DTMB kuma na ƙasar Sin ne. Kunnen da aka ƙera domin ɗaya ba ya jin ɗaya, kuma ba gyaran da mai gyara zai yi masa a bakin kasuwa, gama abin a jikin ƙarfen ya ke. Ko faɗin zango ma ya bambanta, na Amurka megahaz 6, na UHF a Afirka da Turai megahaz 8.

Ƙasashen Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya sun ƙulla yarjejeniya a Janeba a 2006 cewa za a koma dijital, aka sa wa'adin 17 ga watan Yuni 2015. Nijeriya da Nijar da Ghana duk DVB-T2 suka bi. A Nijeriya an fara a Jos ran 30 ga watan Afrilu 2016, sai Abuja a ƙarshen wannan shekarar, Kaduna a 2017, Ikko da Kano a 2021. Saboda haka akwatin da aka yi domin Amurka, ko sabo ne fil cikin ledarsa, ba zai kama tasha ko ɗaya a Kano ko Damagaram ko Kumasi ba. Haka wanda aka yi domin kasuwar cikin gida ta Sin, ko da ya ke masana'antun can suna ƙera na ko wane tsari in an faɗa musu. Falken da ya je Guwanzu ya rubuta DVB-T2 a takardar odarsa, ya kuma duba ya ga haka aka buga a kwali. SiliconDust ma yana da na Turai, ana gane su da harufan ƙarshen lambar samfuri: na Amurka US, na Turai DT. A duba wuta kuma, gama ta Amurka bolt 120 ce, ta nan 230, sai in an rubuta a jikin abin cusawa cewa yana ɗaukar 100 zuwa 240.

Ko an dace da tsari, saura kulle. Kalmar kebul a bakin mutanen Nijeriya tana nufin DStv da GOtv da StarTimes, alhali ba wayar da kamfani ya jawo daga titi. DStv ta tauraron ɗan'adam ta ke zuwa, da faranti, kunnen eriya ba ya jin ta. GOtv da StarTimes suna zuwa ta eriya, amma a kulle su ke, dikodar kamfani ke buɗe su. FreeTV ma, wanda aka ƙaddamar tare da komawa dijital, da akwatinsa na musamman aka fito da shi da ɗan kuɗin shekara. Don haka rubutun da ke jikin kwalin Amurka cewa yana kama na iska da na kebul ba shi da ma'ana a nan. Abin da akwati mai tsarin DVB-T2 zai nuna shi ne tashar da aka bari a buɗe a garin da mutum ya ke, wannan kuwa sai an gwada a garin a ke sani.

Fasali na bakwai: Hukuncin cinikin

Malaman mazhabar Imamu Malik sun shardanta wa abin sayarwa ya zama mai tsarki, mai amfani, sananne, wanda kuma a ke iya miƙa shi. Sun hana cinikin garari, suka ba da misali da kifi cikin ruwa, da tsuntsu a sama, da ɗan tayi a cikin uwarsa. Sun halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa, har da sayen dilar kaya ba a kwance ta ba, bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, wadda a ke kira barnamaj. An yi maganarsa a Muwaɗɗa da Risala. In kaya suka zo daidai da siffa ciniki ya lizimta, in suka saɓa mai saye na da zaɓi. Odar da a ke yi ta intanet da sayen kwantena a rufe duk ɗiyan wannan babi ne.

A ƙaddara wani falke ya zo zauren malami ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na sayo kwali hamsin na akwatin nan cikin gwanjo, duk sababbi, wuta na kama su, amma ba su kama tashar garin nan. Tun da ba a karye su ke ba, ya halatta in sayar in yi shiru?" Amsar da ta dace da ƙa'idar mazhaba ita ce, "Alhaji, wanda ya tsaya gaban rumfarka a Sabon Gari domin ya yi kallo a Kano ya ke saye, al'ada kuwa tamkar sharaɗi ce. Ɓoye abin da mai saye zai ƙi kaya in ya san shi ba ya halatta, kuma in ya gane yana da ikon mayar maka. In ka bayyana masa, ya ce yana so don zai aika wa ɗan'uwansa a Amurka, to, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubad da ruwa, kuɗinka halal ne."

Mas'ala ta biyu ta bambanta da wannan. Mutumin da ya sayi akwati yana aiki, bayan shekara kamfani ko tasha ta sa kulle, ba shi da hanyar komawa kan wanda ya sayar masa, domin aibin da a ke mayar da kaya saboda shi shi ne wanda ke nan tun kafin ciniki. Hasarar tasa ce, kamar wanda ya sayi rumfa sa'an nan hukuma ta ta da kasuwar. Sai fa in mai sayarwa ya riga ya ji labarin kullen ya ɓoye, ko ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa.

Maganin da shari'a ta ajiye wa mai saye shi ne sharaɗin zaɓi, watau ya karɓi kaya bisa cewa zai gwada su zuwa wani wa'adi. A Muhtasar an bambanta wa'adin bisa ga irin kaya, kamar wata guda ga gida, kamar kwana uku ga tufa ko dabba. Kwana uku sun isa a kafa eriya, a haɗa rauta, a lalubi tashoshi, a kuma kalla da rana da dare. Kantunan Amurka ma galibi suna ba da wa'adin mayarwa, sai mai saye ya riƙe rasit da kwali har ya tabbata.

Kafin a miƙa kuɗi, tambayoyin da za a yi huɗu ne: wane tsari ne na ƙasar da za a yi kallon, kuma shi ne aka buga a kwali? Tashoshin da a ke so a buɗe su ke, in a kulle ne wa ke da mabuɗi? Kunnuwa nawa ne, masu kallo nawa ne a gidan? Me za a ƙara kashewa a eriya da ma'ajiya da kuɗin shekara? Mai sayarwa da ya kasa amsa ta farko da ta biyu, a nemi sharaɗin gwaji a wurinsa, in ya ƙi a bar masa kayansa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya sanya albarka a kasuwa, ya tsare mai saye da mai sayarwa daga cin dukiyar juna da ɓarna. Haza wasalamu.